Miyar Gida Daga Tsakar Gida: Darasin Lambunan Houéyiho



Duk wanda ya tashi a Kwatano cikin shekarun 1990 da na 2000, ya kuma saba bin hanyar Houéyiho bayan sallar asuba, ba zai manta da abin da idonsa ya gani a gefen filin jirgin sama na Cadjèhoun ba. Fangali bayan fangali, kore shar, har inda ido ya tsaya. Magidanta da samari, kowa riƙe da garewanin ban-ruwa biyu, waɗanda muke kira arozuwar, suna kai da komo tsakanin rijiya da shuka. Jirgi yakan tashi da ƙara bisa kansu, babu mai ɗaga kai ya dube shi. Kafin hantsi mata 'yan kasuwa sun cika kwandunansu, 'yan zemijan sun kwashe su zuwa Dantokpa da sauran kasuwannin gari, da la'asar kuma ganyen nan yana cikin tukwanen iyayenmu mata a Zongo.

Mun ci wannan ganye shekara da shekaru. Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: a cikinmu, mu jikokin manoman Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, gida nawa ne yake da ko da tushen alayyahu ɗaya da ya shuka da hannunsa?

Lambu a kan rairayi

An fara noman lambu a wannan fili na Houéyiho a shekarar 1972. Faɗinsa wajen hekta 15 ne, ƙasar kuwa mallakar ASECNA ce, wato hukumar da ke kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da Madagaska. Da yake wuri ne da ba a yarda a yi dogon gini ba saboda sauka da tashin jirage, sai ya zama rufin asirin talaka. A shekarun 2000 masu lambu fiye da 300 ne suke cin abinci a wurin, sun haɗa kansu cikin ƙungiyoyi, ban da leburori da mata masu sari da masu kawo taki.

Abin da suke nomawa kashi biyu ne. Akwai kayan da Turawa suka kawo, irin su salati da karas da kabeji da kokwamba. Akwai kuma ganyayen gargajiya, waɗanda maƙwabtanmu Fon suke da sunayensu, mu ma muke da namu. Abin da suke kira fotete shi ne alayyahunmu. Gboma ganyen gauta ne. Amanvive ita ce shuwaka. Cayo kuwa dangin ɗoɗɗoya ne. Wanda ake ce wa kirinkirin a kasuwa, shi ne lalo a bakin Bahaushe. Ashe rabin abin da ke cikin fangalin nan kakanninmu sun san shi tun a gida.

Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba shi ne irin ƙasar da aka yi wannan aiki a kanta. Kwatano tana zaune ne a kan rairayi, tsakanin teku da tafkin Nokoué. Rairayi ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Wanda ya zuba masa guga da safe zai same shi a bushe da azahar. Masu lambun Houéyiho sun rinjaye shi da abubuwa uku: kashin kaji da ruɓaɓɓen shara da suke zubawa ba fashi, da ruwan ƙasa wanda yake kusa ƙwarai har ɗan gajeren rami yakan cim masa, da kuma juriyar ban-ruwa safe da yamma. Idan rairayin bakin filin jirgi ya ciyar da ɗaruruwan iyalai da wannan dabara, rairayin tsakar gidanmu ba shi da wani uzuri.

Mun sauka, amma ba mu kwance kaya ba

Kalmar zango a Hausa tana nufin masaukin matafiya, inda ayari ke yada kaya ya kwana kafin ya wuce. Fataken goro da ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja sun bi ta Nikki da Paraku da Jugu, suka bar zanguna a hanya. Daga baya, a zamanin mulkin Faransa, 'yan'uwansu suka gangaro bakin teku da shanu da tumaki da kayan koli. Bafatake ba ya shuka, domin bai san ko zai kai lokacin girbi a wurin ba. Wannan hali ya yi daidai da zamaninsa.

To, amma yau a cikinmu akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu, a nan aka binne su. Mun gina masallatai, mun buɗe makarantun Islamiyya, 'ya'yanmu sun yi lakwal har jami'ar Abomey-Calavi. Duk da haka, ta fuskar abinci, muna zaune kamar masu shirin ɗaura wa jakuna kaya gobe da asuba. Tun daga gishiri har ganyen miya, komai sai an miƙa kuɗi.

Wannan ba gadonmu ba ne. A ƙasar Hausa da wuya ka shiga gidan ƙauye ka rasa kuɓewa ko yakuwa ko rama a bayan ɗaki, kabewa ta hau danga, zogale yana tsaye a kusurwa. Mutanen Nijar suna kiran lambu garka, kuma bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta dage da kiran jama'a zuwa noman rani domin kada su dogara ga damina kaɗai. A Nijeriya ma, shirin ciyar da ƙasa na 1976 a zamanin Janar Obasanjo ya nemi makarantu da ma'aikata su yi 'yar gona a duk filin da suka samu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shiga birni da jakuna su kwashe toka da kashin dabbobi su kai gona, abin da ya sa ƙasarsu take nomuwa kowace shekara ba hutu. Sanin yana cikin jininmu. Sakaci ne ya rufe shi.

Dalilai uku da suka sa lokaci ya yi

Na farko, aljihu. Dattawanmu suna tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Mun ga tsadar abinci ta 2008. Mun ga Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, albasar Galmi da muka saba da ita ta yi wuyar isowa, farashinta ya tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shawara da uwargida kafin a yi shi, amma a tukunyarta kowannensu ya ƙare. Ba mai cewa za a noma shinkafa ko masara a gidan haya; tuwo zai ci gaba da fitowa daga kasuwa. Miya ce muke iya ƙwatowa. Gidan da ke sayen ganyen dala ashirin, wato sefa 100, kowace rana, ya kashe sefa 36,500 a shekara. Wannan kuɗi ya isa ya rage wa uba nauyin littattafai da kayan makaranta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a yini. Mu dubi kwanonmu mu faɗa wa kanmu gaskiya: tuwo tuli, mai da dunƙulen ɗanɗano da yawa, ganye kuwa ɗan taɓawa. Ciwon sukari da hawan jini sun zama baƙin da suka tare a gidajenmu. Bayan ƙarancin ganye, akwai kuma maganar abin da aka fesa masa. Sanannen abu ne a ƙasar nan cewa magungunan ƙwari da aka tanada domin auduga sukan ɓulla a lambuna. Ɗaya daga cikinsu, endosulfan, ya hallaka mutane a yankunan auduga na arewa, har gwamnatin Benin ta haramta shi a 2008. Wani bincike da masana na cibiyar nazarin ƙwari ta Kwatano suka buga a 2009, wanda ya haɗa da lambunan Houéyiho da na Porto-Novo da na Paraku, ya nuna cewa sauron da ke hayayyafa a irin waɗannan wurare ya fara jure wa magungunan da ake kashe shi da su. Ba na faɗin haka don zargin masu lambu. Mutane ne masu neman halal, kuma mu masu saye mu ne muke ƙin ganyen da ke da hudar tsutsa ko ɗaya, muna zaɓen mai sheƙi. Abin nufi kawai, ganyen da ka shuka da kanka ka san abin da ya sha.

Na uku, ƙasa. Masu lambun Houéyiho ba su taɓa mallakar filin da suke nomawa ba. Aro ne, kuma mai aro kullum kunnensa yana ƙofa. Yayin da birni ke cika da gine-gine da tituna, noman lambu sai ƙara matsawa yake yi zuwa Sèmè-Podji da Ouidah da Grand-Popo. Duk nisan da ganye ya ƙara, kuɗin mota ya hau kansa, ya kuma iso a yamushe. Filin da babu mai iya tashinka daga kansa da takarda ɗaya shi ne ɗan wurin da ke bakin ƙofar ɗakinka.

Yadda ake farawa

Ba a bukatar fili. A Dakar, tun 1999, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da hukumomin Senegal suka koya wa iyalai shuka ganye a kan tebura da cikin robobi, a tsakar gida da saman soro, da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa a madadin ƙasa. Dubban gidaje sun amfana, mafi yawansu kuwa mata ne suka riƙe aikin. Abin da aka yi a Dakar ba zai gagari Kwatano ba.

A nemi buhun shinkafa wanda ya ƙare, ko tsohon daro, ko jarkar man girki da aka yanke. A guji duk abin da ya taɓa ɗaukar man inji ko maganin ƙwari ko fenti. A huda ƙasansa domin ruwa ya riƙa fita. A cakuɗa rairayi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cika, a bar kamar faɗin tafin hannu daga baki. Sai a ɗora shi bisa bulo biyu, a inda rana ke samu aƙalla awa biyar ko shida.

Maganar ɗorawa bisa bulo na koye ta ne da hasara. Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana da zogale biyu da ɗan fangalin alayyahu a bayan zauren mahaifinmu. A ambaliyar 2010, wadda ta shafi gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar nan, ruwa ya kwanta a gidanmu kwana da kwanaki. Zogale ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Duka biyun suka ruɓe, alayyahun ma ya bi su. Abin da ya tsira shi ne ɗoɗɗoyar da ta dasa a wani fasasshen daro ta ajiye bisa turmi. Tun daga ranar na gane cewa a gari mai damina biyu kamar namu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, shuka tana bukatar gado kamar yadda mutum yake bukata.

A fara da abin da ba ya ba da wahala. Alayyahu ne sarkin sauƙi: irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya shi da busasshen rairayi kafin a watsa, kuma cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Idan aka yanke shi daga sama aka bar gindin, zai sake tofo. Irin lalo yana da taurin ɓawo. A ƙulle shi a tsumma, a tsoma cikin ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, a shanya, sa'an nan a shuka. Kuɓewa tushe biyu sun ishi buhu ɗaya, tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, kuma gwargwadon yadda ake tsinkarta gwargwadon yadda take ƙara haihuwa. Shuwaka da zogale ana dasa su da reshe. Na zogale ya kai kamu biyu, a riƙa datse kansa domin ya yi rassa maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa. Tumatir kuwa a dakata da shi sai hannu ya faɗa, domin laimar bakin teku da ciwon da ke sa shi yaushi farat ɗaya sun karya zuciyar masu farawa da yawa.

A rairayi akwai wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli har shuka ta tsumbure. Maganinsu shi ne kada a maimaita iri ɗaya a buhu ɗaya sau biyu a jere, a kuma yawaita taki. Ƙwarin ganye kuwa, darbejiya ta ishe su: a daka ƙwayar 'ya'yanta kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Idan buhunan ba su wuce biyar ko shida ba, hannun yaro mai lura ya fi kowane magani.

Ruwan alwala da kashin rago

Gidan Musulmi yana da dukiya biyu da yake zubarwa kullum bai sani ba. Ta farko ruwan alwala. Ruwa ne mai tsarki, babu sabulu a cikinsa. Mu ƙaddara ƙaramin masallacin unguwa mai mutum 50, kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar a yini: lita 250 ke nan take bin kwata, ta je ta kwanta a titi ta zama gidan sauro. Da za a gyara wurin alwala, a ware shi daga magudanar makewayi, a juya ruwan zuwa gindin zogale da ayaba da gwanda, da ladani da almajirai sun samu abin kwaɗo shekara duka. A gida ma, daro ɗaya a ƙarƙashin mai alwala ya isa shayar da buhu biyu. Haka ruwan wankin shinkafa da na ganye.

Sai dai a kiyaye: ruwan kwata da na wanki mai omo ba na shuka ba ne. Rijiyoyin Kwatano kuma gajeru ne, sau da yawa kusa da masai, don haka a zuba ruwansu a gindin shuka, kada a bisa ganye, kuma duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwan famfo sosai. Ruwan da aka tara don ban-ruwa a rufe shi.

Dukiya ta biyu ita ce kashin dabbobi. Kowace shekara kafin babbar salla raguna sukan yi kwanaki a ɗaure a gidajenmu, mu share kashinsu mu biya a kwashe. Da za a tara shi a rami ko a tsohuwar ganga tare da ɓawon doya da na ayaba da busasshen ganye da 'yar toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙar ƙasa mai ƙamshin damina. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona shuka yana kuma ɗauke da cuta, saboda haka sai ya ruɓe tukuna. Wanda yake son ganin iyakar wannan hikima ya ziyarci cibiyar Songhaï a Porto-Novo, wadda Fada Godfrey Nzamujo, malamin Kirista haifaffen Kano, ya kafa a 1985 a kan hekta ɗaya. Ƙa'idarsu ita ce kada a yar da komai: abin da dabba ta fitar ya ciyar da shuka, abin da shuka ta rage ya ciyar da dabba da kifi. Matasa daga ƙasashen Afirka da dama sun koyi sana'a a can, tafiyar kuwa ba ta da nisa daga nan.

Amsa ga masu uzuri

Wani zai ce gidan haya yake, ɗaki ɗaya, tsakar gida ta mutum goma. Buhu ba ya bukatar izinin haƙa, kuma ranar tashi ana ɗora shi a kura tare da katifa. Maƙwabcin da aka miƙa wa dunƙulen alayyahu sau biyu shi zai fara korar awaki daga wurin. Wata za ta ce ba ta da lokaci. Shayar da buhu biyar bai kai tsawon lokacin da ake ɗauka ana cinikin ganye a kasuwa ba, kuma aiki ne da ya dace da yara bayan sun taso daga makarantar allo. Yaron da ya ga ƙwayar da ba ta kai kan allura ba ta zama miyar gidansu cikin wata guda ya samu karatun da allo da lakwal za su daɗe ba su ba shi ba, kuma da wuya ya sake zubar da abinci.

Ga iyayenmu maza kuwa, kada a ɗauki abin a matsayin wasan mata da yara. Hadisi ingantacce da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa Musulmi yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan ganyaye da kayan lambu, amma ƙofar kyauta ga maƙwabci a buɗe take, kuma a watan azumi, lokacin da kayan miya ke tsada, babu kyautar da ta fi ta shiga rai.

Shawarata ga kowane gida ita ce a fara da buhu uku kafin damina mai zuwa: ɗaya alayyahu, ɗaya lalo, ɗaya kuɓewa. Ga kwamitocin masallatai kuma, a dubi inda ruwan alwala yake zuwa, a dasa zogale ko da biyu ne. Wanda ya san wani tsohon mai lambu, ya je ya gaishe shi, ya nemi iri da shawara. Sun fi shekara hamsin suna karantar rairayin nan, kuma ba su da rowar sani. Kakanninmu sun yada zango a bakin teku, Allah Ya albarkaci zamansu har muka zama 'yan gari. Lokaci ya yi da za mu kwance sauran kayan, mu sa iri a ƙasa.

Allah Ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke shukawa, Ya ba mu damina mai amfani, Ya kare mu daga ambaliya da tsadar rayuwa. Wassalamu alaikum.